Ɗanmu Yana So Ya Tuƙa Mai Saukar Ungulu

Hausawa sun iya raɗa suna. Da suka ga jirgin da ba ya bukatar dogon fili, sai dai ya zo bisa kai ya tsaya, sa'an nan ya sauko a hankali, suka ce masa jirgi mai saukar ungulu. Yau ungulu ta yi wuyar gani a mahautan kasuwanninmu. Akwai yaran da suka san jirgin sarai, amma ba su taɓa ganin tsuntsuwar da aka ba shi sunanta ba. Daga 2015 zuwa 2023, sa'ad da Muhammadu Buhari yake shugaban ƙasa, irin waɗannan jirage sukan kai shi Daura daga Katsina. Mu mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura maƙwabtan Daura ne, saboda haka yaranmu sun tashi da labarin helikofta a kunne, wasunsu kuma da sha'awarsa a zuciya.

Ɗanmu na biyu yana cikinsu. Yana aji uku na ƙaramar sakandare ya gaya mana shi matuƙin helikofta yake so ya zama. Dangi suka rabu biyu a kan maganar. Waɗansu suka yi dariya, suka ce ɗan manomin gero ina shi ina jirgin sama. Waɗansu kuwa suka ce a sayar da gonar fadama a tura shi tun da wuri. Mu iyayensa muka ga dariyar za ta kashe masa zuciya, gaggawar kuma za ta kashe mana gida. Sai muka shiga tambaya. Mun yi shekara biyu muna tambayar malamai da ma'aikatan filin jirgi da tsofaffin sojoji, muna karanta abin da ya zo hannunmu. Abin da muka samo shi ne muke so mu ba iyayen da ke da irin wannan yaro a gida.

Abin da ake koya

Da farko mun so mu san ko wane irin aiki ne wannan. Matuƙin helikofta yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu a lokaci ɗaya. A hannun hagu akwai sanda kamar birkin hannu na mota. In ya ɗaga ta, fukafukan babbar farfela duka sukan ƙara cizon iska, jirgi ya hau. In ya sauke ta, jirgi ya sauko. A hannun dama akwai wata sanda a gabansa, wadda take karkata farfelar gaba ko baya, dama ko hagu, jirgin kuwa ya bi inda ta karkata. Ƙafafunsa suna kan feda biyu masu sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya. Amfanin wannan ƙaramar farfela babba ne. Sa'ad da inji yake juya babbar farfela ta wannan gefe, gangar jikin jirgin takan so ta juya ta wancan gefe. Farfelar wutsiya ce take riƙe ta.

Wuyar abin ita ce, in ka taɓa ɗaya, sai ka gyara sauran. Ka ɗaga sandar hagu, dole ka taka feda. Ka taka feda, jirgin ya goce, dole ka gyara da hannun dama. Shi ya sa aka ce darasin da ya fi ba ɗalibi wuya shi ne tsayawa cak a iska, ƙafa kaɗan daga ƙasa. Uwar yaron da ta ji haka ta ce ai wannan ɗaukar tulu ne. Yarinya in tana koyon ɗaukar tulu cike da ruwa, takan sandare wuyanta, ruwa ya yi ta zuba. Ranar da ta saki jiki tana gyarawa kaɗan kaɗan ba tare da tunani ba, ranar ta iya. Ɗalibi yakan yi sa'o'i da dama jirgin yana lilo da shi kafin hannunsa ya faɗa.

Akwai kuma darasin mutuwar inji. Mun zaci in inji ya mutu jirgin zai faɗo kamar dutse, ashe akwai dabara. Kun san farfelar kara ko ta takarda da yara suke yi, su riƙe suna gudu, iska tana juya ta. Haka yake. In matuƙi ya sauke sandar hagu nan da nan, iskar da take bugowa daga ƙasa yayin da jirgin yake gangarowa za ta ci gaba da juya farfela, har ya sami ƙarfin sauka. Ana maimaita wannan darasi sau da yawa, gama a ranar da abin zai faru ba lokacin tunani.

Bayan wannan akwai karatun aji: dokokin sama, yanayin iska da gajimare, karatun taswira, sanin inji, da magana ta rediyo. Ƙasarmu ma tana da nata darasi. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ya kai maki 40 ko fiye, iska takan yi sako-sako, jirgi ba ya iya ɗaukar nauyin da zai ɗauka da sanyin safiya. Da hunturu hazo yakan rufe ido. In kuwa za a sauka a busasshen fili, farfela takan ta da ƙura ta rufe matuƙi.

Basira tana nan, hanya ake nema

Waɗanda suka yi wa ɗanmu dariya mun ba su labarin Mubarak Muhammad Abdullahi. A 2007 jaridun duniya suka ɗauki labarinsa. Ɗalibin Fiziks ne a Jami'ar Bayero ta Kano, yana da shekara 24. Ya haɗa helikofta da injin tsohuwar mota Honda Civic da tarkacen ƙarafa, abin kuwa ya ɗaga daga ƙasa kamar ƙafa bakwai. Daga littattafai da intanet ya koyi yawancin abin da ya sani. Wannan ya nuna ƙwaƙwalwa ba ta yi mana ƙaranci ba. Kano ma ba baƙuwar jirgi ba ce, gama tun 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka a can, shekara 14 kafin Igor Sikorsky ya ta da helikoftansa na gwaji a Amurka a 1939.

Amma mun gaya wa ɗanmu ɗaya gefen labarin. Ɗaga jirgi ƙafa bakwai a fili daban yake da ɗaukar rayukan mutane a bi da su bisa gari. Sama tana da doka. Ba mai tuƙa jirgin farar hula a Nijeriya sai da lasin daga hukumar kula da sufurin jiragen sama, wato NCAA, ba a kuma samun lasin sai ta makarantar da hukumar ta yarda da ita. Saboda haka basira ita kaɗai ba ta isa ba, sai an bi ta ƙofa.

Ƙofofi uku

Ƙofa ta fari ita ce aikin soja. Yaro ya rubuta jarrabawar JAMB, ya nemi Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, wato NDA, ya zaɓi Rundunar Sojojin Sama. In an ɗauke shi, gwamnati ce za ta ɗauki nauyin karatunsa da horonsa. Rundunar tana da makarantun koyon tuƙi a Kaduna da Kano, horon helikofta kuwa a Enugu. Misalin da kowa ya sani shi ne Tolulope Arotile, wadda ta yi firamare da sakandare a Kaduna. Ta shiga NDA a 2012, ta fita a 2017 da digirin lissafi, aka tura ta Afirka ta Kudu koyon helikofta. A watan Oktoba na 2019 aka liƙa mata alamar matuƙa, ta zama mace ta farko mai tuƙa helikoftan yaƙi a Nijeriya. Ta rasu a Kaduna ranar 14 ga Yuli, 2020, sanadin bugun mota, tana da shekara 24. Ku lura, daga shigarta makaranta zuwa samun alamar shekara bakwai ne. Ku lura kuma mace ce. Wannan magana ta shafi 'yan matanmu kamar yadda ta shafi samari.

Wannan ƙofa ba ta cin kuɗin iyaye, amma tana da nata farashi. Masu nema suna da yawa ƙwarai, gurbi kaɗan ne. Ba kowane hafsan sojan sama ne yake zama matuƙi ba, rundunar ce take zaɓa. Wanda ya shiga kuma ya zama soja. In aka ce ya tafi Borno ko Zamfara, sai ya tafi.

Ƙofa ta biyu ita ce mutum ya biya da kansa. Mafi kusa da mu ita ce Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. A can Chinyere Kalu ta yi horo, ta zama mace ta farko a Nijeriya mai lasin tuƙin jirgin kasuwanci, daga baya ta shugabanci kwalejin. Amma an fi sanin Zariya da horon jirage masu miƙaƙƙun fukafukai. Mai neman helikofta yakan duba Enugu, inda akwai makarantar koyon tuƙinsa wadda sojojin sama suke da hannu a ciki, ko kuwa ya fita waje, Afirka ta Kudu ko Amurka. Bisa ƙa'idar duniya, lasin tuƙi na kai yana bukatar shekara 17 da kamar sa'a 40 a sama. Lasin da ake neman aiki da shi yana bukatar shekara 18 da sa'a 150, ana rage wa wanda ya bi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita. A Amurka, sa'a guda tare da malami a ƙaramin jirgi mai kujera biyu, irin Robinson R22, takan wuce dala 300. Dokar can kuma ba ta barin ɗalibi ya tashi da wannan jirgi shi kaɗai sai ya yi sa'a 20 da malami. Muka zauna da fensir muka ninka 300 sau 150, ya ba mu dala 45,000. Ba a sa kuɗin tafiya da masauki da abinci da jarrabawa ba. Wanda ya san farashin dala a kasuwar Wapa ta Kano, sai ya juya wannan zuwa buhunan riɗi ya gani.

Ƙofa ta uku ita ce wani ya ɗauki nauyinka. Yawancin aikin helikofta na farar hula a ƙasar nan yana kudu, inda kamfanoni irin su Bristow da Caverton suke kai ma'aikatan mai zuwa rijiyoyin da ke cikin teku. A shekarun baya Bristow ya ɗauki samari da 'yan mata na Nijeriya ya tura su Amurka horo. Gwamnatocin jihohi ma sukan tura ɗalibai koyon tuƙin jirgi lokaci lokaci. Irin wannan dama ba ta zuwa kowace shekara. In ta zo kuwa, wanda takardunsa suke a shirye shi ne yake samu.

Matakin fari yana gida

Da muka duba ƙofofin nan uku, sai muka ga dukansu mabuɗi ɗaya ne yake buɗe su, mabuɗin kuwa a nan ƙauyenmu ake ƙera shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na ɗaya, lafiyar jiki. Matuƙi sai ya ci gwajin likita mai tsanani, a hannun likitocin da hukuma ta amince da su. Ana duba ido da kunne da zuciya da jini, har da sikila. Akwai yaran da ba sa bambanta ja da kore sosai, su da iyayensu ba su sani ba, alhali fitilun jirgi da na filin sauka da launi suke magana. Sa tabarau ba lalle ya hana mutum tuƙin farar hula ba, amma sojoji sun fi tsanantawa. Mu kam Kano muka kai ɗanmu aka duba idonsa da jininsa kafin mu ƙara faɗin wata magana. Kuɗin mota da na kati kaɗai muka kashe. Ya fi sauƙi yaro ya ji ba zai iya ba yana da shekara 15, da sauran hanyoyi a gabansa, da ya ji bayan an zuba dukiya.

Abu na biyu, karatu. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, a ciki da Turanci da Lissafi da Fiziks. Wato tun ranar da ake raba yara zuwa ajin kimiyya da na adabi aka fara yanke hukunci. Iyaye da yawa a wajenmu ba sa sanin ranar da aka yi wannan rabo. Turancin ma ba na rubutu kaɗai ba ne. Da shi matuƙi yake magana da hasumiyar filin jirgi, cikin ƙara da sauri, akwai kuma jarrabawarsa ta musamman. Yaron da yake jin kunyar buɗe baki a aji, sai a taimake shi tun yanzu. A gidanmu ɗanmu yakan saurari labarai da Turanci da dare, ya maimaita wa ƙannensa da Hausa, sa'an nan ya sāke mayar da shi Turanci da bakinsa.

Abu na uku, shekaru da takardu. NDA tana da iyakar shekarun waɗanda take ɗauka. Yaron da aka sa makaranta a makare, ko aka riƙa cire shi da damina domin noma da kiwo har ya maimaita aji biyu, yana iya wuce shekarun kafin ya gama. Takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma su zama suna nan, suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, daidai da na takardun makaranta.

Maganar gona

Kawun yaron, wanda yake ƙaunarsa ƙwarai, ya zo da wani mutum da ya ce yana da hanya. A ba shi rabin kuɗi yanzu, zai samo gurbi a wata makaranta a waje. Muka tambaye shi sunan makarantar, da lambar amincewar hukuma, da takardar da za mu sa hannu. Ya ce za a kawo. Har yau ana kawowa. Ya ku iyaye, makarantar gaskiya ba ta ɓoye sunanta, ba a kuma sayen gurbin NDA. Duk wanda ya ce ku zuba kuɗi a asusunsa na kansa, ku riƙe aljihunku.

Ko da hanyar ta gaskiya ce, mun yanke shawara ba za mu sayar da fadamar ba. Ga dalilinmu. Kuɗinta ba zai kai yaron ƙarshen horo ba, rabin lasin kuwa ba lasin ba ne. Wanda ya gama da sa'a 150 ma ba nan da nan yake samun aiki ba, gama kamfanoni sun fi son mai ɗaruruwan sa'o'i. Ga kuma ƙannensa huɗu, waɗanda tumatir da albasar fadamar nan suke biya musu kuɗin makaranta. Muka zaunar da shi muka nuna masa lissafin duka. Ya yi shiru, daga baya ya ce, "Baba, Mama, ke nan ta Kaduna zan bi." Muka ce masa ya bi, muna bayansa.

Tsoron da ba mu ɓoye ba

Ba za mu ce zuciyarmu a kwance take ba. Yawancinmu muna tuna ranar 15 ga Disamba, 2012, da helikoftan sojan ruwa ya faɗi a Jihar Bayelsa, Gwamna Patrick Yakowa na Kaduna da Janar Andrew Azazi suka rasu tare da matuƙan da sauran waɗanda ke ciki. Muna tuna kuma Fabrairu na 2019, sa'ad da jirgin da ya ɗauko Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya kife wajen sauka a Kabba cikin ƙura, amma kowa ya fita da rai. Aikin yana da haɗari. Abin da muka fahimta shi ne, yawancin abin da yake tsare matuƙi hali ne: ya duba jirginsa kafin ya hau ko da ya duba jiya, ya faɗi gaskiya in ya gaji ko ya yi kuskure, ya iya ce wa babban mutum, "Ranka ya daɗe, yau ba za mu tashi ba." Wannan hali ba a Enugu ake fara koyonsa ba. Yaron da ya saba ɓoye laifi, ko yin aikin ganin ido a gona, zai tafi da halinsa sama. Wannan kashi na horon a hannunmu yake, mu iyaye, ba ya kuwa cin ko kwabo.

Muna kuma tuna wa kanmu amfanin aikin. Tun 1944, da aka fara kwaso sojojin da suka ji rauni daga dajin Burma da helikofta, wannan jirgi yake kai taimako inda mota ba ta zuwa. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa, yadda ruwa ya yanke hanyoyi ya raba ƙauyuka da asibiti, ya san ƙasarmu tana bukatar masu wannan sana'a.

Inda muke yanzu

Ɗanmu yana aji biyu na babbar sakandare, ajin kimiyya. Da hutu yakan je wurin wani makaniken injin ban-ruwa a Kazaure yana koyon kwance inji da ɗaurawa. Mun nuna masa cewa bayan kowane matuƙi akwai injiniyoyi da masu ba da hanya daga hasumiya da masu duba yanayi. Zariya tana horar da injiniyoyi da masu ba da hanya, haka kuma Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama da ke Kaduna tana koyar da injiniyancin jirgi. A nan gida ma akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, inda yaro zai iya kafa tushe a fannin injiniya. In ƙofar tuƙi ta buɗe, madalla. In ba ta buɗe ba, Lissafi da Fiziks da Turancin da ya tara ba za su ruɓe ba.

Saboda haka, 'yan'uwa iyaye, in yaronku ko yarinyarku ta zo muku da wannan magana, kada ku yi dariya, kada kuma ku kira dillalin gona. Ku je makaranta ku ga malamin Lissafi, ku ji matsayin yaron. Ku kai shi a duba idonsa da jininsa. Ku buɗe akwati ku duba takardar haihuwarsa. Waɗannan uku za ku iya gamawa kafin kaka ta bana, daga nan kuma za ku san ƙofar da ya kamata ku fuskanta.